Daren da Kuran Ya Ɗauke

Kuran ya ɗauke bayan isha'i.
Na tsaya gaban firigo ina saurare
kamar mai jiran numfashin majinyaci.
Shiru.
A cikinsa kwalabe ashirin da bakwai,
kowace da ɗigon dafin kunama
wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Wata huɗu Arzika na ɗaga duwatsu
a bakin gulbi, wajen Sumarana,
da gwangwanin madara a hammata.
Dala ashirin kowace, in baƙa ce talatin.
Ni ke tatsa: wutsiya ɗaya, ɗigo ɗaya.
Inna ta ce duk zuriyarmu
ni kaɗai aka kai lakwal
na dawo ina tatsar kunama.

Abin da nake bi 'yar sarƙa ce,
feftid muke ce mata,
amino talatin da 'yan kai, jere kamar duwatsun wuya,
ta naɗe kanta, ta ɗaure da ƙulli uku na farar wuta.
A sauya dutse guda,
abin da ke sa ƙato kururuwa
ya iya zama mai kwantar da ciwo.
Ya iya. Ban ce ya zama ba.
Shekara uku ke nan ina zaune kan "ya iya".

Na hau kabu-kabu zuwa Bagalam,
na sayo ƙanƙarar jika guda, tana kuka tun a hanya.
Na zuba a kula, na hau da ita saman bene.

Tankari na can, maƙwabcina mai koyar da fizik,
'ya'yansa huɗu riƙe da kusurwoyin zanen matarsa.
Ya aza kabewa a tsakiya, zane ya lotsa.
Ya gangaro gyaɗa daga gefe,
ta kewaya, ta kewaya, ta faɗa.
"Ba wanda ya ja ta," in ji shi,
"hanyar ce ta lanƙwasa."
Autarsa ta ɗauke duniyar ta jefa baki.

Ya ce agogon da ke ƙasan rijiya
yana jan ƙafa fiye da na saman shato,
da kaɗan, kaɗan ɗin da bai sa kowa makarar sallah.
Na ce to kai min kwalabena can
inda lokaci ke jan ƙafa,
kafin ƙanƙarata ta ƙare.

Ya yi dariya. Ya nuna sama da haɓa.
"Kin tuna talabijin ɗin da,
in tasha ta rufe, yayyafin nan fari da baƙi?
A cikinsa akwai ɗan burbushin hasken fari,
wanda ya taso tun ba tauraro ko ɗaya,
sararin duka kunu ne mai zafi.
'Yan gudajin da ba su damu ba,
su ne waɗannan."

Yara sun yi barci kan zanen.
Kula na ɗiga kusa da ƙafata, ɗis, ɗis.
Na lissafa a zuci:
haidirojin ɗin ruwan nan ya girmi rana.
Farar wutar ƙullina
an dafa ta a cikin tauraron da ya mutu
tun ba a san za a yi gulbi ba.
Kunama ba ta da labari.
Ta kwashe wannan gado duka
ta kai ƙarshen wutsiya,
ta shige ƙarƙashin turmi tana jiran ƙafar yaro.

Ƙarfe uku da arba'in fanka ta motsa.
Na sauko da gudu, takalmi ɗaya.
Firigo ya yi gyaran murya.
Ashirin da shida lafiya.
Ta goma sha huɗu murfinta ya saki,
ruwa ya shiga.

Na buɗe littafi, na sa kwanan wata,
na ja mata layi.
Baƙa ce, ta dala talatin.
Da safe sai in aika a kira Arzika.